Yadda za ka zauna da Debian sid ba tare da ya wargaza maka laftof ba

Ana yawan tambaya wai shin mutum zai iya ɗora Debian sid a laftof ɗin da yake aiki da shi kullum? Zai iya mana, amma da sharaɗi. Debian wani nau'in Linux ne, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Sid shi ne reshen da masu haɗa Debian ke fara jefa sabbin fakej, wato ƙunshin manhajoji, in fakej ya yi ƴan kwanaki, yawanci 5, ba a kama shi da babbar matsala ba sai ya wuce reshen gwaji mai suna testing, daga can ake fitar da stable, wato tsayayyen reshen da aka gama gwadawa, irin su Debian 13 trixie da ta fito a Agustan 2025. Kenan kai da ke kan sid kai ne zakaran gwajin dafi. Amma gaskiya ba kasafai yake lalacewa da kansa ba, mutane ne ke danna Y ba su karanta ba.

Shigarsa ba wuya. Ka instol stable ko testing, ka buɗe fayil ɗin /etc/apt/sources.list, inda apt (manhajar sa fakej da cire su) ke duba inda zai ɗauko fakej, ka canza sunan reshen zuwa sid, ka goge layukan security da updates don sid ba shi da su, sai apt update da apt full-upgrade. Sai dai ka sani fa in ka shiga ka shiga kenan, Debian ba ta yarda da komawa baya ba, sai dai ka sake instol daga farko.

Kafin komai ka sa apt-listbugs da apt-listchanges, na biyun yana nuna maka abin da ya canza a sabon fakej. Na farkon nan shi ne mai ceton rai, duk lokacin da za ka yi afdet zai duba ko wani ya riga ya kai ƙarar babbar matsala a kan fakej ɗin, in akwai ya tsayar da kai ya tambaye ka. Dan Allah in ya tambaya kar ka wuce da sauri.

Toh ga inda aikin yake. Bambancin apt upgrade da apt full-upgrade shi ne na farko ba ya cire maka komai, na biyu kuwa zai iya cire abu in dai hakan ne zai ba shi damar sa sabo. Duk sanda ka yi full-upgrade ka tsaya ka karanta jerin abin da ya ce zai cire, in ka ga sunaye irin su gnome-shell ko plasma-desktop ko xorg, wato fakej ɗin da ke nuna maka desktop, a ciki, ko jerin ya yi tsawo har kana gangarawa, ka danna n kawai. Ba kwamfutarka ce ta samu matsala ba, ana tsakiyar wani babban canji ne rabin fakej sun iso rabi ba su iso ba. Haka aka yi a farkon 2024 da Debian ta canza yadda ake lissafin lokaci zuwa 64-bit saboda matsalar shekarar 2038, fakej da yawa suka samu t64 a ƙarshen sunansu, apt ya yi ta neman kwashe wa mutane abubuwa, wanda ya yi haƙuri ya tsira. Maganin shi ne ka yi apt upgrade zalla, ka jira kwana biyu uku ka sake gwadawa.

Sannan ka tanadi hanyar dawowa. In ka instol a kan btrfs, wani tsarin ajiye fayiloli a diski, ka sa manhajar Timeshift ko snapper, ka ɗau snapshot, wato kwafin yadda kwamfutar take wanda za ka iya komawa kansa, kafin duk wani babban afdet. Kar ka goge tsohon kernel, wato zuciyar Linux, ka bar ko da ɗaya a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa in ka kunna kwamfuta, musamman in kana da katin Nvidia don direbansa na iya ƙin haɗuwa da sabon kernel ka tashi ka ga baƙin allo. In fakej ɗaya ne ya lalace, je snapshot.debian.org ka ɗauko tsohon, ka sa shi, ka riƙe shi da apt-mark hold har a gyara.

Maganar tsaro kuma, stable ce tawagar tsaron Debian take kula da ita, a sid sai mai fakej ɗin ya tura gyara, yawanci da wuri dai amma ba alkawari. A Maris 2024 da wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ɓoyayyar ƙofar kutse da aka dasa a manhajar matse fayil ta xz 5.6.0 da 5.6.1, sid da testing abin ya shafa, stable ko a jikinta. Shi ya sa ni ba zan ba kowa shawarar sa shi a saba (server) ko kwamfutar shago ba wallahi.

Ka kuma yi lissafin data, sid na cin data ba wasa, sabbin fakej kusan kullum, kuma in ka bar shi wata biyu ba afdet sai abin ya taru ya fi rikici. Sau ɗaya a sati ya isa. Kar ka fara da batir ya kusa mutuwa, in kuma aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, in ka kunna ka yi dpkg --configure -a sannan apt -f install, yawanci zai ƙarasa daga inda ya tsaya. Makonnin da ke biyo bayan fitowar sabuwar stable ma ka ɗan ja baya da full-upgrade, lokacin ne ake sako duk abin da aka riƙe tun ana shirin fitarwa.