Kurakuran da sababbin likitocin haƙori ke yi wa wanda aka taɓa azabtarwa

Duk shekara sai an turo mana sababbin yara daga makaranta. Hannunsu da kyau, sun iya ciko, sun iya cira. Amma da zarar an kawo musu mutumin da ya fito daga sansanin 'yan gudun hijira, sai su maimaita abin da waɗanda suka gabace su suka yi. Bakina ya gaji da yi wa kowa bayani shi kaɗai.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne kwantar da kujera babu sanarwa, kuma ni na fara yin sa. A shekarun da rikici ya cika Maiduguri da baƙi, aka kawo mini wani dattijo daga bakin Tafkin Chadi, haƙoransa na turmi biyu karyayyu. Na taka maɓalli kujera ta yi baya, na haska masa fitila a fuska, na sa inji, ruwa ya taru masa a maƙogwaro. Sai ya fara fizge-fizge. Mataimakina ya danne masa hannuwa, kamar yadda muke yi wa yaro mai gardama. Dattijon nan ya yi fatali da farantin kayan aiki, ya fita ba hula ba takalmi. Ni kuwa na ce raki ne, har da dariya. Bayan watanni aka dawo da shi fuska a kumbure, ƙurji ya yi ruwa, sai da aka kwantar da shi. A nan ɗan ƙanensa ya ce da ni, "Likita, lokacin da aka tsare Baba, rigingine ake ɗaure shi, a rufa masa ƙyalle a fuska, a yi ta kwarara ruwa."

To ku duba abin da na yi masa: na kwantar da shi rigingine, na dalle masa ido da haske, na cika masa baki da ruwa, wani ya riƙe masa hannu. Me ya rage? Wallahi duk wanda na sake gani ya riƙe hannun babban mutum a ɗakina, ranar ya gama aiki. Yanzu zuwan farko ba na taɓa inji. Mutum ya zauna a miƙe, mu gaisa, in nuna masa madubi da bututun zuƙe yawu, ya taɓa da hannunsa. Sai mu yi yarjejeniya: "Baba, in ka ɗaga hannun hagu, zan tsaya." In ya ɗaga, ka tsaya a take, ka fitar da komai daga bakinsa. Ban da "saura kaɗan". Sau ɗaya ka karya wannan alkawari, ba zai ƙara yarda da kai ba. Wasu abokan aikina na cewa ina ɓata lokaci ga layi ya yi tsawo. Na ji. Ina yin ciko kujera a rabin kwance, bayana na ciwo, amma mutanena na dawowa.

Na biyu, tambayar nan ta "me ya sami haƙoranka haka?", musamman in an haɗa ta da faɗan rashin goge baki. Ƙa'idojin Istanbul na 1999, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da su wajen tantance azabtarwa, sun ambaci karya haƙori, tumɓuke shi, da jona masa wutar lantarki a cikin hanyoyin da ake azabtar da mutane. Giɓin da kake gani ƙila filaya ce ta yi shi. Kuma wanda ya yi shekara a tsare ko yana gudun ceton rai, ina ya ga asuwaki? Kai ba ɗan sanda ba ne, labarinsa ba hakkinka ba ne. Abin da nake tambaya kawai: "Akwai abin da ba ka so a yi maka a nan?" In ya ga dama ya faɗa, in ya yi shiru mu ci gaba.

Haka nan kada ka mai da ɗan mara lafiya ko mijin mace tafinta. Mace da aka ci zarafinta ba za ta buɗe baki gaban ɗanta ba. Nemi mace mai jin Kanuri ko Shuwa, kuma ka tambaye ta ko ta fi son likita mace.

Sauran ƙanana ne. Kada ka tsaya a bayan kansa inda ba ya ganinka. Cire takunkumi ka gaishe shi ya ga fuskarka tukuna. Allurar kashe zafi mai adirenalin tana iya sa zuciya ta buga da sauri, ka faɗa masa kafin ka yi, in ba haka ba zai ɗauka firgitar ce ta dawo. Kada ka kulle ƙofa. In ka ga haƙora sun side kuma muƙamuƙi na ciwo da safe, cizon haƙora ne cikin barci. Tambayi magungunan da yake sha, domin magungunan damuwa irin su amitiriftilin suna busar da baki, busasshen baki kuwa shi ke jawo kogo.

Wanda kuma bai zo ranar da aka ba shi ba, kada ka soke sunansa. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta zo har bakin ƙofa sau uku tana juyawa. A na huɗu ta shigo, muka sha shayi, ta tafi ban ko leƙa bakinta ba. A na biyar muka cire haƙorin.