Yadda Ake Gano Dalilin Da Ya Sa Birkin Baya Ke Kame Taya A Tsohuwar A-kori-kura

Duk mai tsohuwar Hilux ko Peugeot 504 da ke ɗibar albasa daga Wurno da Goronyo zuwa Kasuwar Kara ta Sakkwato ya san wannan matsala. Ka ɗan taɓa birki, sai tayar baya ta cije, ta ja ƙasa da ƙara, gindin motar ya nemi juyawa. Ko kuma ka ɗaga ƙafa amma motar ta ƙi sakewa, tana tafiya da ƙyar kamar an ɗaure ta. Abin da nake roƙo tun farko shi ne kada ka sayi komai sai ka gano inda ciwon yake. Na ga mutane sun canja masta (famfon da ke tura man birki in ka taka), sun canja lainin (fatar birkin da ke goga don tsayar da taya), sun canja fot (ɗan silindan da mai ke turawa ya matsa lainin), kuɗi sun ƙare, alhali wayar hambirki ce kawai ta yi tsatsa.

Ka fara da tambayar kanka abu biyu. Kamewar tana zuwa ne lokacin da ka taka, ko bayan ka saki? Sannan taya ɗaya ce ko duka biyun? Don samun amsa, nemi fili mai ƙasa inda babu mutane, ka yi tafiya a hankali ka taka birki, ka sauko ka dubi sawun da tayoyi suka bari. Daga nan ka yi 'yar tafiya ta minti goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kusantar da bayan hannunka ga kowace taya. Kada ka dafa, dirom (tukunyar ƙarfen da ke juyawa da taya, wadda lainin ke goga daga ciki) mai kamewa yana ƙona fata nan take, balle a zafin Afrilu na Sakkwato da ke wuce digiri 40. Wadda ta fi 'yar uwarta zafi, ko take warin ƙauri, ita ce mai laifi. In taya ɗaya ce, ciwon yana cikin dirom ɗinta ko a wayarta. In biyun ne, hankalinka ya koma kan abin da suka yi tarayya a kai: tiyon roba, bawul ɗin lodi, masta, ko babbar wayar hambirki.

Yanzu ka ɗaga motar. Ka tsaya a wuri mai tauri, ka sa wejin katako gaba da bayan tayoyin gaba, tunda za ka saki hambirki. Bayan jak ya ɗaga, ka tokare aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, da ƙafar ƙarfe ko gungumen ice mai ƙwari. Kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da mota, kuma bulon siminti ba abin dogara ba ne, yana farfashewa ba sallama.

Ga gwajin da ya fi kowanne amfani, shi ne yake raba gardama tsakanin matsalar man birki da ta ƙarfe. Ka sa yaronka ya taka birki da ƙarfi sau biyar ko shida ya saki, kai kuma ka juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa, ka ɗauki sifana ka ɗan sassauta nifil, ɗan kusar da ake bilidin (fid da iska daga man birki) da ita, a bayan farantin da ke rufe dirom ta baya. Ka lura da kyau. In mai ya yi tsartuwa da ƙarfi, tayar kuma ta saki a take, to mai ne ya maƙale a bututu ya kasa komawa. In mai ya ɗiga kawai a sanyaye, tayar tana nan a cije, ka ɗaure nifil ɗinka, matsalar ta ƙarfe ce.

A ce mai ne. Sake taka birkin har ta kame, wannan karon ka je gaba ka sassauta notin bututun baya a bakin masta. In ta saki daga can, masta ce ba ta barin mai ya dawo. Akwai wani ɗan rami ƙarami a cikinta da mai ke bi ya koma kofin man birki da ke samanta. Datti na toshe shi, ko roba ta kumbura ta rufe shi, ko kuma an ɗaure sandar feda ta yi tsawo har feda ba ta da ɗan wasan da ya kamata a ji a samanta. Alamar wannan ita ce mota tana tashi lafiya da safe, sai ta yi zafi ta fara riƙewa. Kumburin roba kuwa galibi daga zuba man da ba nasa ba ne. Man birki DOT 3 ko DOT 4 ne, kamar yadda aka rubuta a murfin kofi. Wanda ya zuba man sitiyari ko baƙin mai don ya samu ya kai gida, ya kashe duk robobin da ke layin.

In kuwa ka sassauta a masta ba ta saki ba, sai a nifil, ka dubi tiyon roba da ya sauko daga shasi zuwa aksul. Daga waje za ka gan shi lafiya lau, amma cikinsa ya ruɓe ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya: mai ya wuce da ƙarfin ƙafa, ya kasa dawowa. Ba a gyara shi, canjawa ake yi.

Bawul ɗin lodi shi ne abin da aka fi mantawa da shi. A tsohuwar Hilux yana maƙale a shasi ta baya, da wata doguwar sanda da ta haɗa shi da aksul. Aikinsa shi ne ya rage wa tayoyin baya ƙarfin birki in mota ba kaya, ya ƙara in an yi lodi. To motar da ta shekara da shekaru tana ɗaukar buhunan gero fiye da ƙima, sifirin ɗinta ya kwanta, sai bawul ya ɗauka kullum da kaya take. Haka in ya daskare da tsatsa a buɗe. Shi ya sa direba zai ce maka da lodi birki lafiya, amma in ya sauke a Kara ya juyo fanko, da ya taɓa sai baya ya kame. Ka motsa sandar da hannu ka ga ko tana tafiya, ka duba ko ta lanƙwashe ko an cire ta gaba ɗaya.

Sai ɓangaren ƙarfe. Kafin ka buɗe dirom, ja wayar hambirki ka saki, ka ga ko tana komawa da kanta. Bayan damina, motar da ke ratsa ruwan fadama takan tara laka a cikin kuben wayar. In dirom ya ƙi fita, ka mayar da ajasta (abin daidaita tazarar lainin da dirom) baya ta ramin faranti da sukundireba. Yawancin dirom na Toyota suna da ramuka biyu masu zare, ka ɗaura kusoshi a ciki bi da bi su turo shi waje. Ya fi dukan guduma. In ya fito, kada ka hure ƙurar da baki ko da iska, tsofaffin lainin kan ƙunshi asbestos mai lalata huhu. Jiƙa tsumma ka goge.

Ka dubi fuskar lainin. In ta yi baƙi da danƙo, mai ya taɓa ta, kuma lainin da ya sha mai cafkewa yake yi maimakon ya riƙe a hankali. Ɗaga robar gefen fot: in da jiƙa a ciki, fot ke yoyo. In kuwa man mai kauri ne mai warin man giya, oyal sil na aksul, robar da ke hana man fita, shi ne ya mutu, sai ka duba har da ɗan numfashin da ke saman aksul, don in ya toshe shi ke tura mai waje. Wanke lainin da fetur ko babbaka shi a wuta ba ya fid da man, kwana biyu zai sake tsattsafowa. Ka duba sifirin masu mayar da shu (ƙarfen da lainin ke manne a kai) ko ɗaya ya karye ko ya saki, ka duba ko lainin ya ɓanɓare daga ƙarfensa, ka shafa wuraren da shu ke zama a faranti ko sun ci rami. A jikin dirom akwai lambar iyakar faɗinsa, in ya wuce ta ko ya daina zama da'ira, ya gama aiki. Kuma ka buɗe gefe ɗaya ka bar ɗayan a haɗe, don ka riƙa kallonsa wajen mayarwa. Lainin dai ana canja na tayoyi biyun tare.

Akwai abu ɗaya da ba na yarda da shi ko kaɗan. An taɓa kawo mini wata a-kori-kura daga hanyar Illela, na tarar an daddatse bututun baya da guduma an naɗe shi. Na ce da direban, "Malam, wa ya yi maka wannan?" Ya ce, "Wallahi Maigida, a hanya aka yi mini don in samu in iso." Wata uku ke nan yana yawo a haka, da mutane zaune kan kaya, birkin gaba kaɗai ke tsayar da motar. Da muka buɗe dirom na dama, sifirin ɗaya ne ya karye, guntunsa ya shige tsakanin shu da dirom. Muka sa sabon sifirin da sabon bututu, muka yi bilidin, muka gyara ajasta har taya tana juyawa da ɗan gogar lainin kaɗan, sannan muka fita da ita fili muka gwada ta fanko, muka sake gwada ta da buhu goma a baya.