Yadda Za Ka Zaga Birnin Kano Ka Gane Tarihinsa Cikin Kwana Biyu

Yawancin baƙin da ke cewa sun ga Kano, Kantin Kwari da Singa da gadojin sama suka gani, suka koma gida da kaya. Wannan Waje ce, wato bayan ganuwa, kuma yarinya ce idan aka gwada ta da Birni, tsohon garin da ke cikin ganuwa. Mai son ya fahimci garin sai ya bi shi yadda ya tsiro: daga gindin dutsen Dala zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa fada, sannan ganuwa, a ƙarshe ya fita bayan ganuwa. In aka juya tsarin, gine-gine kawai za a yi ta kallo ba a san me ya haɗa su ba.

Kafin ka fito

Lokaci mafi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, sai dai ƙurar hunturu kan rufe gari har ka hau Dala ka kasa hango nesa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, yawon ƙafa bayan ƙarfe sha ɗaya azaba ne. Da damina kuma lunguna kan cika da ruwa. Kada ka sa zagayen cikin Birni ranar Juma'a, domin tun kafin azahar hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci suke cushewa, 'yan kasuwa da yawa kuma sun tashi.

Bar motarka a masauki. Lungunan Birni an yi su ne don mutum da jaki, akwai inda mutum biyu ba sa jerawa. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, don haka adaidaita sahu ce abin hawa. Ka ɗauki shata, ku yi ciniki ku gama kafin ka shiga, ka faɗa masa wurare nawa za a tsaya da kuma cewa zai jira. Rigimar da ake yi da direba kusan kullum daga rashin faɗin jiran take tasowa. Riƙe canji ƙanana, ruwan sha, da takalmin da ake cirewa da sauƙi, don za ka cire shi sau da yawa. Mace ta sa mayafi wadatacce, namiji ya bar gajeren wando a jaka.

Rana ta farko: Dala da ƙarfe bakwai

Hau da sassafe, kafin dutsen ya ɗau zafi. Akwai matakala, hawan bai fi 'yan mintuna ba ga mai lafiya. A nan ne, bisa Tarihin Kano, Barbushe, shugaban mazauna wurin, yake shiga wurin Tsumburbura, abin bautarsu, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai faru a shekara, kuma a gindin dutsen ne maƙeran farko suka zauna saboda tama. Bagauda, wanda ake ƙirga sarautarsa daga shekarar 999, ya tarar da mutane ne a wurin, ba shi ya kawo su ba.

Amfanin hawan shi ne ka zana taswirar garin a kanka. Nemo Goron Dutse, ɗan'uwan Dala, ta yamma. Juya kudu maso gabas ka nemo hasumiyoyin babban masallaci. Bayansu fada take. Cunkoson rufin kwano da ke tsakaninka da masallacin, a cikinsa kasuwar Kurmi take. Duk abin da za ka taka yau yana cikin wannan ɗan fili. In ziyararka ta faɗo ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ka manta da natsuwa: ranar dutsen na yara da matasan gari ne.

Daga nan ka gangara da ƙafa ta Madabo. Unguwar malamai ce da ake danganta ta da Wangarawan da suka zo daga ƙasar Mali zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Tun daga nan ka fara tambayar sunan kowace unguwa da ka ratsa, domin sunayen su ne littafin da ba a rubuta ba. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, duk suna faɗa maka waye ya sauka a ina. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Dandalin Turawa kuwa tana ruɗa baƙi: Turawan da ake nufi Larabawan Tarabulus da Gadamas ne, waɗanda aka kira da wannan suna tun kafin a ga ɗan Ingila. Wasu sunayen sana'a ce, irin su Dukawa da Soron Ɗinki.

Yadda ake tambaya ma yana da ƙa'ida. In ka ga dattawa a dakali, yi sallama, ka ɗan rusuna, ka ce "Baba, sannunku da hutawa," ka jira a amsa kafin ka kawo buƙata. Wanda ya faɗo da tambaya ba gaisuwa, za a nuna masa hanya da baki ɗaya a ƙyale shi. Wanda ya gaisa, sau da yawa yaro za a haɗa shi da shi har inda za shi. Kada ka leƙa zauren kowa, kada ka ɗaga waya kan mata ko almajirai ba izini.

Kurmi

Ka isa wajen ƙarfe goma, lokacin an buɗe rumfuna. Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ne ya kafa kasuwar a bakin Jakara, rafin da yanzu an rufe shi da titi a wannan yanki, har mutum ya bi ta kansa bai sani ba. Nan ayarin Sahara ke sauke gishiri da kayan Arewacin Afirka, su ɗauki turkuɗi, saƙi da jan kirgi. Nan kuma fataken Gwanja ke kawo goro. An sayar da bayi a kasuwar, wannan ma yana cikin tarihinta. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya yi mamakin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Kurmi a jere take layi-layi bisa sana'a, don haka kada ka yi ta yawo, tambayi layin da kake so: 'yan sirdi da kayan doki, 'yan littattafai, dukawa, 'yan ƙwarya, masu kayan ƙamshi da magungunan gargajiya. Layin kayan doki ya fi cancanta a daɗe a cikinsa, musamman gab da Sallah, lokacin da ake ɗinkin jalala da gyaran linzami da likkafa. In za ka sayi kayan fata, shinshina: fatar da aka jeme da bagaruwa tana da ƙamshinta, roba kuwa warin roba take. Duba bayan ɗinkin, ka lanƙwasa gefe ka ga ko fenti zai tsage. Farashin farko ba shi ne farashi ba. Ka taya, in an ce "albarka" ka ƙara kaɗan. Amma in ka taya aka ce "na sallama," to ka biya, janyewa a nan abin kunya ne.

Abincin rana a wannan yanki gurasa ce, ko bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, ko da tsire. Ita ma gadon Larabawan nan ce da Kano ta mayar tata.

Fada da Gidan Makama

Fara da Gidan Makama, ba fada ba. Gidan tarihi ne yanzu, ana biyan kuɗin shiga, akwai masu zagayawa da baƙi. Nan Rumfa ya zauna kafin ya gina gidan da ake kira da sunansa. Bayan tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotuna, ka ɗaga kai ka kalli ginin kansa, don shi ne babban abin kallo. Bangon na tubali ne, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Rufin azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, an jera ta an ɗora ƙasa. Tun da azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, magina sai su ɗaure ta gaɓa-gaɓa su tayar da bakan gizo daga bango zuwa bango, shi ya sa soro mai faɗi ke tsayawa ba ginshiƙi a tsakiya. Daga waje a shafe da makuba, a fitar da indararo, a kafa zanko a kusurwa. Irin wannan gini yana son yaɓe akai-akai. In indararo ya toshe ruwa ya kwanta a rufi, damina ɗaya ta isa ta kawo shi ƙasa. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da tsofaffin gidajen Birni ke ɓacewa.

Daga nan Ƙofar Kudu ta fada, wato Gidan Rumfa, 'yar tafiya ce. Gidan Rumfa gida ne da ake zaune a ciki, ba wurin yawon buɗe ido ba, shiga sai da izini daga masarauta. Ka tsaya a fili, ka gaida dogarai masu ja da kore, ka tambaya kafin ɗaukar hoto. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne gidan ya ga gidajen sarauta iri-iri bai tashi daga matsayinsa ba: Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya fita a zamanin jihadi, Sulaimanu ya shiga, daga 1819 Ibrahim Dabo ya kafa gidan Sulluɓawa da ke sarauta har yau, shi ne Dabon da ke cikin kirarin "Kano ta Dabo, tumbin giwa." Ta arewa da fada babban masallacin Juma'a yake, wanda aka sake ginawa zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953).

Mai son ganin hawa ya daidaita zuwansa da Sallah: Hawan Daushe washegari da yamma, Hawan Nassarawa rana ta uku. UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, amma an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan, don haka a tabbatar kafin a yi asarar kuɗin mota.

Rana ta biyu: marina da ganuwa

Marinar Ƙofar Mata da safe ake zuwa, lokacin da marina ke kan aiki. Shekarar 1498 ce rubuce a ƙofarta. Ramuka ne masu zurfi da ake cika wa ruwa, a zuba toka da baba da katsi, a bari ya ruɓa kwanaki ana motsawa da dogon muciya har kumfa ta taso. Tsaya kusa ka kalli tsomi ɗaya: ƙyallen yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a tsoma a ɗaga. Yawan tsomin ne ke kawo duhun launi, ba daɗewa a cikin ramin ba. Zanen da ke jiki kuwa mata ne ke ƙulla shi da zare a gida kafin a kawo. Ka nemi a kai ka wurin mabuga, inda ake shimfiɗa ƙyalle kan gungume ana dukansa da manyan sanduna har ya yi sheƙi. Za ka ga ramuka da yawa a bushe ko cike da shara. Atamfar kanti da rinin zamani sun janye kasuwa. Sabon rinin baba yana zuba a wankin farko, a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi. In ka ɗauki hoto, ka sayi wani abu ko ka ba da na goro.

Ganuwa Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ta, Rumfa da wasu sarakunan bayansa suka faɗaɗa. Kuskuren da baƙi ke yi shi ne ɗaukar ƙofofin siminti na yanzu a matsayin na asali. Yawancinsu an rushe an sake su don faɗaɗa titi. Ƙofar asali ƙunci gare ta, da ƙyaure, ana rufe ta da dare, kowace da sarkin ƙofarta. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo ma zamanin Turawa aka huda su. Sa mai adaidaita ya bi da kai titin BUK (Jami'ar Bayero) daga Ƙofar Ɗan'agundi, ta Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya zuwa Kabuga, ka riƙa duba tudun jar ƙasa tsakanin sababbin gine-gine. Wannan tudun shi ne ganuwar. Kududdufan da ke gefenta ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, su ke shanye ruwan sama; cike su da ake yi ana gini a kai na cikin abin da ke jawo ambaliya. A Kabuga ka tsaya: ta wannan ɓangaren sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa suka shiga ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana Sakkwato.

Waje ba ta buƙatar dogon bayani, da yamma ɗaya za a gama. Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909. Tashar jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911 ya juya fuskar cinikin Kano daga Sahara zuwa teku, ya haifar da dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Fagge, tsohon zangon fatake, da Sabon Gari da aka keɓe wa 'yan kudu. Jihar kanta sai a 1967 aka ƙirƙiro ta, Audu Baƙo ne gwamnan farko, aka cire Jigawa daga cikinta a 1991. In da sauran rana, koma Gwammaja ka ga gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, ka gwada girman ɗakinsa da na soron da ka gani jiya. Ka bar wurin da wuri, don daga ƙarfe biyar hanyoyin da ke fita daga Birni kan cushe, kuɗin adaidaita ma ya tashi.