Kada ku musanya sakatar bindiga

'Yan uwa mafarautan Katsina da Daura masu lasisi, in kun zauna goge bindigogi tare, kowa ya ajiye sassan tasa a tsumma daban. Musamman sakata, ƙarfen nan mai tura harsashi ya kulle shi a mazauninsa.

Kafin ka mayar, duba lambar jikinta. Bindigogi da yawa an buga wa sakatarsu lamba ɗaya da ta gangar jiki.

Tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi akwai ɗan rata da aka auna tun daga masana'anta, kuskuren kaurin takarda ma yana iya ɓata shi. Saka sakatar wata bindiga yana iya canja wannan ratar. In ya yi yawa, kwanson harsashi kan tsage, iska mai zafi ta dawo maka fuska. In ya yi kaɗan, sakata ta ƙi rufuwa. Don Allah kada ka danne ta da ƙarfi.

Amma dacewar lamba ba ta isa ga tsohuwar bindiga ba, domin ƙarfe yana cinyewa. Ka riƙa duba kwanson da ka harba. In ka ga kumburi ko zobe mai sheƙi kusa da gindinsa, ka daina harbi, ka kai wa gwani mai ma'aunin wannan ratar ya auna.