Yadda za ki zaunar da yara bayan hutun wasa

A Tawa, cikin zafin Afrilu, ƴan shekara 4 da 5 kan dawo aji da ƙishirwa da rigima.

Da farko, malama, ki tsaya bakin ƙofa, su yi layi, kowa ya wanke hannu ya sha ruwa. Sau da yawa kukan na ƙishirwa ne.

Sannan ki tafa sau 3, su amsa, su zauna kan tabarma. Alamar nan za ki riƙe kullum.

Wanda ya ƙi zama, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki kira sunansa, ki ce, "Zo kusa da ni." Ban da tsawa, ban da bulala: yaron da ya tsorata ba ya saurare. Wanda ya natsu, ki yaba masa a fili.

Daga nan sai darasi, gajere, kamar minti 10.