Yadda ake jera siddabaru a wasan Magicka

Ranar farko da muka zauna wa Magicka a ɗakin ƙanena a Jidda, mu huɗu, dodanni ba su kashe kowa ba. Mu muka ƙarar da junanmu. Wasan kwamfuta ne da ake yaƙar dodanni da siddabaru, na kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin, ya fito a 2011, kuma harinka ba ya bambanta aboki da maƙiyi.

Da farko ka haddace maɓallai takwas. Allon maɓallanmu na nan Jidda harafi biyu ne a kowane maɓalli, na Larabci da na boko, to na boko za ka bi: Q ruwa, W rai, E garkuwa, R sanyi, A walƙiya, S asiri, D dutse, F wuta. Guda biyar kawai kake iya tarawa kafin ka saki.

Sai ka san waɗanda ba sa ga maciji da juna. Wuta da sanyi, rai da asiri, walƙiya da ruwa, walƙiya da dutse: in ka haɗa su, sun cinye juna, hannunka wayam. Amma ruwa da wuta tururi suke bayarwa, ruwa da sanyi kuma ƙanƙara.

Nan fa daɗin yake. Kada ka ɗauki hari ɗaya a matsayin gama aiki, na farko share wa na biyu hanya yake. Jiƙa dodo da ruwa, bi shi da sanyi, zai daskare ƙiƙam. Sannan tara dutse, riƙe maɓallin dama na linzamin kwamfuta (mouse) har ya cika, ka saki. Ko kuma ka jiƙa shi ka aika walƙiya, domin jiƙaƙƙe ta fi ci. To tunda ruwa da walƙiya ba sa zama tare, tururi ne dabarar: yana jiƙawa, kuma bai soke walƙiya ba. Danna QF, QF, A, S, A. Asirin ne ke miƙe su su zama igiyar haske. Ni wannan na fi dogara da shi, har yatsuna suna bugawa ban sani ba.

Kafin ka taɓa A, dubi jikinka. In kana jiƙe, kanka za ka gasa. Danna F da maɓallin tsakiya na linzami ka bushe tukuna. Da ma haka zufar Jidda take da sauƙin magani.

Akwai kuma jeri na musamman da ake saki da dogon maɓallin ƙasa, bayan ka buɗe su a wasan. A, S, F na ƙara gudu. W da A na tayar da abokin da ya faɗi, wannan kam ka koye shi tun yau. Kuma in wani yana harba hasken rai, kada ka gitta masa na asiri, fashewa suke yi. Ƙanena har yanzu in ya ga na ɗora yatsa a S sai ya ce, "Yaya, don Allah bari in matsa."