Yadda zaka kaɗa kiɗan rawar gargajiya na Ailan da jita

Bari in fara da abin da ba wanda ya gaya min sai da na sha kunya: a kiɗan gargajiyar mutanen Ailan, jita baƙuwa ce. Masu gida su ne goge irin na turawa, da sarewa, da ƙaramar sarewar kwano, da akodiyon, da wata algaita mai jaka da ake matsa mata iska da gwiwar hannu, uilleann pipes suke ce mata. Ita jita sai wajen shekarun 1960 zuwa 1970 ta samu tabarmar zama a cikin kiɗan. Toh kaga dole ka shigo da sallama. Aikinka biyu ne, ko ka rako masu kaɗa muryar waƙar da kod (amo da yawa da ake kaɗawa tare) da bugu, ko kai ma ka fitar da muryar ɗaya bayan ɗaya da fik, wato ɗan makaɗin robar nan da ake riƙewa a yatsu. Duk zan taɓa su, amma rakiyar zan fi daɗewa a kai don nan mutane suka fi ɓata rawarsu da tsalle.

Abu na farko ajiye jitar tukuna, ka saurara. Wannan kiɗa na rawa ne, kuma kowane iri da takunsa. Wanda ake kira jig bugu shida ne a kowace gaɓa (ɗan yankin da ake auna kiɗa da shi), uku-uku, 6/8 kenan a rubuce, ni dabarar da na yi wa kaina ita ce in riƙa cewa "dankali dankali, dankali dankali" a bakina, in kiɗan ya hau kan kalmar daram to jig ne. Reel kuma huɗu-huɗu yake tafiya da gudu, sai ka ce "tafarnuwa tafarnuwa". In kaji dankali sau uku kafin ya zagayo, wannan slip jig ne, 9/8. Hornpipe ɗan'uwan reel ne amma a hankali yake tafiya yana ɗan ɗingishi, dogo gajere dogo gajere. Akwai polka da slide da aka fi sani da su a yankin Sliabh Luachra, kan iyakar gundumomin Kerry da Cork, waɗannan ka bar su sai gaba. Ka yi sati guda kana wannan wasan na dankali da tafarnuwa a duk kiɗan da kaji, har matarka ko abokan ɗakinka su fara tunanin yunwa ce ke damunka.

Sannan ka lura da ginin waƙar. Yawanci kashi biyu ce, kowane kashi gaɓa 8, a yi na farko sau biyu, na biyu sau biyu, gaɓa 32 kenan, sai a sake zagayowa sau biyu ko uku a faɗa wata waƙar ba tare da an tsaya ba. In ka iya ƙirga takwas ɗin nan a ranka ba zaka ɓata ba.

Na biyu, ɗaurin tsirkiya. Ɗaurin da kowa ya sani yana aiki, kar wani ya ce maka ba ya yi. Amma mafi sauƙin gyara shi ne ka sassauta tsirkiya ta shida, mai kaurin nan, daga E zuwa D, shikenan. John Doyle da wannan ɗaurin yake wannan bugun nasa mai kamar jirgin ƙasa. Ɗayan kuma shi ne DADGAD, sunan ma haruffan tsirkiyoyin ne daga mai kauri zuwa siririya: ta shida ka sauke ta zuwa D, ta biyu daga B zuwa A, ta farko daga E zuwa D, sauran ukun ka ƙyale su. Wani ɗan Birtaniya Davey Graham ya yaɗa shi a farkon shekarun 1960 bayan ya je Maroko ya ji kiɗan ud, wani molo na Larabawa, daga baya irin su Mícheál Ó Domhnaill na ƙungiyar Bothy Band da Dáithí Sproule suka shigar da shi kiɗan Ailan. Ni DADGAD ɗin na zaɓa, saboda in ka kaɗa tsirkiyoyin a sake akwai wani amo da ke ta gunji a ƙasa ba ya canzawa, irin wanda kunnen da ya saba da garaya ko gurmi zai gane nan take.

Ga kod huɗu da za su kai ka nesa a DADGAD. D yatsa ɗaya ne tak, tsirkiya ta uku a firet na 2 (firet su ne gidajen da ƙarafan wuyan jita suka rarraba), ka kaɗa duka shida. G kuma ka danne ta shida da ta biyar a firet na 5, sauran a sake. A, ka tsallake ta shida, ka danne ta huɗu da ta uku a firet na 2. Em, wato E minor, tsirkiyoyi masu kaurin nan uku duk a firet na 2. Kuma ka sayi kafo, wannan ɗan maƙalin da ake ɗaurawa a wuyan jita, don in ka sa shi a firet na 5 siffar D ɗinka ta koma G, a na 7 ta koma A, ba sai ka haddace sabbin siffofi ba.

Na uku, kuma nan ne gundarin maganar, hannun dama. Ka rufe tsirkiyoyin da hannun hagu yadda ba abin da zai fito sai "cak cak", ka kunna metronom, manhajar ƙirga bugu, a wayarka a 60 a minti. Reel ba wahala, ƙasa sama ƙasa sama, takwas a gaɓa, hannu ba ya tsayawa ko da ba ka taɓa tsirkiya ba. Jig ne mai taurin kai: ƙasa sama ƙasa, ƙasa sama ƙasa. Ka lura ƙasa biyu sun haɗu a tsakiya, na uku da na huɗu, kuma hannunka zai ƙi, zai so ya yi sama a na huɗun don haka ya saba. Kar ka yarda. Nauyin jig yana kan bugu na ɗaya da na huɗu, wato kan "dan" na kowane dankali, in ka buga na huɗun da sama sai kiɗan ya yi laƙwas kamar tuwon da bai ji gari ba, mai rawa kuma ba zai samu inda zai ɗaga ƙafa ba. Akwai ƙwararrun da ke yin ƙasa sama ƙasa, sama ƙasa sama kuma yana musu kyau, amma wannan sai ka tsaya da ƙafarka tukuna. Daga wuyan hannu motsin zai fito, ba daga kafaɗa ba, kuma fik ɗin ya zama matsakaici, ka riƙe shi sako-sako. Ni na kai wata biyu ina wannan cak cak ɗin minti goma sha biyar kullum bayan isha'i kafin hannun ya daina gardama. A zaman kiɗa reel yakan kai kusan 110, amma ka riƙa ƙara biyar-biyar ne, in ka fara tuntuɓe ka koma baya.

Na huɗu, wane kod zaka sa a ina. Mafi yawan waƙoƙin a D ko G suke, kuma D da G da A sun ishi na D, G da C da D sun ishi na G. Matsalar tana wajen waƙoƙin da ke kama da masu amon baƙin ciki, wato minor, amma ba irin wanda ake koyarwa a makarantar kiɗa ba. Misali reel ɗin nan Drowsy Maggie ko Cooley's, a E suke zaune, amma akwai C mai ɗagawa, wato C#, a ciki, don haka Em da D kawai zaka riƙa lilo a tsakaninsu. Haka na A, Am da G. Wasu na D kuma C suke so a maimakon A.

A nan ne na sha kunyar da na ce. Daren farko da na zauna cikin masu kiɗa a wani ƙaramin gari a yammacin Ailan, aka ɗauko wani reel na E, ni kuwa da ilimina na waƙoƙin rediyo sai na dinga zuba kod ɗin B7, wanda bai dace da irin wannan waƙar ba, ina jin kaina. Wani dattijo mai goge da ke gefena bai ce uffan ba, bai ma daina kiɗa ba, kawai ya juyo ya kalli hannuna na hagu ta saman tabarau, ya ɗan girgiza kai sau ɗaya. Wallahi gara ya zage ni. Da aka tashi sai ya ce min, yaro, in ba ka san waƙar ba ka riƙe amo ɗaya ka saurara. Tun ranar in na rikice D ɗin yatsa ɗayan nan nake komawa ko in yi shiru gaba ɗaya.

Na biyar, fitar da muryar waƙar da kanka. Ka fara da jig mai sauƙi kamar The Kesh, a G yake. Ka saurare shi har ka iya rera shi da baki kana wanka, sannan ka nemo shi a jita gaɓa biyu-biyu. Ga wannan aikin ɗaurin da aka saba ya fi sauƙi, yawancin waƙoƙin daga D ta tsirkiya ta huɗu suke zuwa B a firet na 7 na siririya, don haka ƙaramin yatsanka zai sha miƙa. Ka'idar fik ɗin dai ita ce ta ɗazu, ƙasa sama ƙasa. Ka nemi kiɗan marigayi Arty McGlynn ɗan Omagh kaji yadda jita ke bin goge kafaɗa da kafaɗa. Kwalliyar da masu goge da sarewa ke yi, a jita da ɗan bugun yatsa kan tsirkiya da fizge shi ake kwaikwayonta, ko ka cusa bugu uku masu sauri a gurbin biyu kamar yadda masu banjo ke yi. Kar ka sa ta ko'ina, ɗaya ko biyu a kashi ya isa, kuma sai takun ya zauna.

Waƙoƙin kuwa ba za su ƙare maka ba. Francis O'Neill, mutumin Cork da ya zama shugaban 'yan sandan Chicago, ya buga littafi a 1903 mai ɗauke da guda 1,850, yanzu kuma shafin The Session a intanet cike yake da su a rubutun ABC, wanda haruffa ne kawai ba sai ka iya karatun nota ba. Sai dai rubutun ƙashi ne kawai, naman yana kunne.

In Allah ya kai ka zaman kiɗan nasu, seshon suke cewa, yawanci a mashaya ake yi, amma in wurin bai kwanta maka ba ƙungiyar Comhaltas, wadda aka kafa a Mullingar a 1951, rassanta na shirya zama da darussa a zaurukan taro har a wajen Ailan. Ka nemi izini kafin ka ja kujera. In akwai mai jita a wurin ku yi karɓa-karɓa, don jita biyu kowa da kod ɗinsa hayaniya ce kawai. In za a canza waƙa zaka ji wani ya ce "hup" ko ya ɗaga ƙafa ko gira, to ka sassauta bugu a gaɓar farko ta sabuwar, ka tambayi na kusa da kai a hankali ko D ce ko G, sannan ka shiga.